Agarar Lado

Lado ɗan fari ne a gidan Baffa Haliru, kuma duk wanda bai san matsayin ɗan fari a gidan Fulani ba, rabin labarin nan zai wuce shi. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, uban bai taɓa furta sunan da bakinsa ba. In zai kira shi sai ya ce "kai", in zai yi maganarsa da wani sai ya ce "wancan yaron". Bai taɓa saɓa shi a kafaɗa ba, bai taɓa dafa kansa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, shi ma haka nasa uban ya yi masa. Ƙannen Lado su haye cinyar Baffa su yi ta jan gemunsa, shi kuwa yana gefe yana kallo, don ya san iyakarsa.

Gidansu yana Katsina, bayan Ƙofar Guga, daidai inda gari ya fara cinye gonaki. Asalinsu mutanen ruga ne, suka matso birni da 'yan shanun da suka rage musu. Baffa ya yi suna wajen maganin dabbobi. Daga nesa yake gane saniyar da ke tausaya wa ƙafarta, kuma in kumburi ya fito wa dabba, shi ake kawo wa ya yi mata sakiya, wato ya gasa tsinken ƙarfe a wuta ya huda wurin, mugunya ta tsiyaye. Makiyaya har daga wajen Jibiya sukan zo nemansa.

Gudun Lado ba daga sha'awa ya faro ba, daga tsoron bulala ne. An sa shi sakandare can wajen Ƙofar Durbi, ga shi ba ya barin gida sai an gama tatsa ya kora shanu bakin fadama. Kafin ya juyo, sauran yara sun yi nisa. Sai ya cusa littattafai a leda, ya riƙe silifas a hannu, ya ratsa lungunan Gobarau ya ɓulla ɗaya gefen gari kafin a kaɗa ƙararrawa. Mai tsaron ƙofar makaranta da dorina shi ne malamin wasanni, Malam Ɗanjuma, gajeren mutum mai saurin hannu. Shekara guda yana haƙon yaron nan da ke shigowa a ƙurarren lokaci, bai taɓa samun damar zuga masa ko ɗaya ba.

Wata safiya Malam ya makara fitowa, ya hango Lado kusa da hasumiyar Gobarau yana sheƙa gudu. Ya rage wutar babur ya bi shi a baya har makaranta. A bakin ƙofa ya tare shi.

"Kai, daga ina kake tahowa haka kullum?"

"Daga bayan Ƙofar Guga, Malam."

"Da ƙafa? To ina hakin?"

Lado ya sunkuyar da kai, ya ɗauka laifi ya yi da bai yi haki ba. Malam ya daɗe yana kallon ƙafafun nan dogaye masu kaushi, sannan ya ce in an tashi ya same shi a fili.

Daga nan abin ya kama. Gasar makarantu ta farko da ya shiga, ba takalmi ya yi ta, ya zagayo fili ya riski na biyu, ya sake wuce shi. Bayan ya gama sakandare Malam Ɗanjuma bai sake shi ba, ya samo masa takalmin kambas, ya shigar da shi cikin 'yan gudun jiha. Kullum bayan sallar asuba Lado ya miƙe titin Jibiya, Malam na biye a babur da agogo rataye a wuya. Mutanen gari kuwa ba su bar shi ya sha iska ba. Masu shayi su ce, "Lado, wa ya koro ka?" 'Yan acaɓa su ce ya hau su rage masa hanya. Tsofaffi su girgiza kai, su ce ƙato da gajeren wando yana gudu babu abin da ya biyo shi, Allah ya ba shi lafiya. Murmushi kawai yake yi ya wuce.

Shekara huɗu a jere babu wanda ya sha gabansa a jihar a tseren mita dubu goma. A ta biyar aka haɗu da 'yan Filato, mutanen da kowa ya san gudun dogon zango kamar gadonsu ne, Lado ya bi su sannu a hankali har zagaye na ƙarshe, sannan ya yi musu fintinkau. Ranar aka faɗi sunansa a rediyo. Masu shayin da ke tsokanarsa su ne suka fara cewa ai ɗan unguwarsu ne, tun yana ƙarami suka ga alama. Maƙwabta suka taru ƙofar gida yi wa Baffa murna, shi kuwa ya amsa gaisuwa, ya tashi ya nufi turken shanu kamar ba da shi ake ba. Lado bai ji haushi ba, amma ƙarya ne a ce bai so ba, ko sau ɗaya, tsohon ya ɗago kai ya dube shi. A shekarar ya auri Rakiya, ya kama ɗaki biyu kusa da gida.

A 2017 aka shirya babban tsere a Kaduna, kilomita arba'in da biyu, irin wanda ake kira yada-ƙanin-wani. Aka ce uku na farko za a ɗauke su sansanin 'yan wasan ƙasa, daga can kuma sai ƙasashen waje. Lado yana da shekara ashirin da biyar, yana kan ganiyarsa. Malam Ɗanjuma ya duba agogonsa wata safiya, ya ce in har ƙafar nan ta kai shi Kaduna lafiya, babu mutum uku a ƙasar nan da za su riga shi.

Saura sati uku ciwon ya fara. Agarar ƙafar dama ce, jijiyar nan ta bayan diddige wadda mutum ke ɗaga dunduniya da ita. Da farko in ya tashi da safe ne take yi masa tauri, in ya fara gudu ta saki. Daga baya ta daina saki, ta kumbura, in an taɓa wurin sai a ji ɗumi. Malam yana da doka biyu da yake nanata wa yaransa har sun haddace: wanda ya ji ciwo ya faɗa, kuma kada wanda ya kuskura ya kai masa ƙafa wurin wanzami ko maɗori. Amma Lado ya ga yadda aka ajiye wani abokinsa a gida don ya ce gwiwa na damunsa. Ban da haka ma, a gidansu ba a cewa ciwo. Yaron da bijimi ya taka ya yi kuka, har ya girma ana yi masa gori. Sai ya ja bakinsa, ya sayi doguwar safa.

Rakiya ce kaɗai ta sani, ita ke gasa masa wurin da tsumma da ruwan zafi.

"Don Allah ka faɗa wa Malam," ta ce. "Wannan kumburin kullum ƙaruwa yake."

"In mun dawo daga Kaduna."

"In kuma bai bar ka ka je Kadunar ba fa?"

Ya ce ta ƙara ruwan zafi.

Wanda bai yi lissafi da shi ba shi ne Baffa. Mutumin da ke gane ɗingishin saniya daga nesa, ɗingishin ɗansa ne zai ɓoye masa? Saura kwana tara tafiya, Lado ya shiga gida gaisuwa, la'asar ta riske shi a can, ya cire safa yana alwala a gindin darbejiya. Baffa na zaune a kan tabarma yana tufkar igiya. Ya ajiye igiyar.

"Kai, zo nan."

Lado ya zo ya durƙusa. Baffa ya ce ya zauna ya miƙo ƙafar. Sai tsohon ya kama ta da hannu biyu, ya ɗora a kan cinyarsa, ya shiga latsa kumburin da babban yatsa, a hankali, yana bin jijiyar daga diddige zuwa sama. Tun da Lado ya yi wayo, hannun ubansa bai taɓa sauka a jikinsa ba sai ranar.

"Tun yaushe?"

"Kwana goma sha biyu, Baffa."

"Ka yi shiru da shi." Ya gyaɗa kai, kuma a muryarsa akwai yabo. "Ruwa ne ya taru. In an huda shi ya fita, kwana uku ka manta da shi."

Ya ɗaga murya ya ce a kawo garwashi a kasko, ya tashi da kansa ya ɗauko tsinken ƙarfensa daga saƙon rufin ɗaki.

Lado ya san abin da Malam ya ce. Ya kuma san, don ya yi shekaru yana zama da ƙafafunsa, cewa wannan ba maruru ba ne, babu ruwan da zai fita. Yana kallon ƙarfen yana yin ja a cikin garwashi, yana da lokacin da zai janye ƙafarsa sau goma. To amma ya janye ya ce me? Ya ce Baffa ba ka iya ba? Ya ce wa mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar yana danne son ɗansa, yau da ya samu hanyar nuna shi, a'a na gode, malaminmu ya hana? Kowa ya ji labarin nan sai ya ce wauta ce, kuma wallahi wautar ce, mai ƙona rai ma kuwa. Sai dai masu faɗin hakan ba a kan cinyar nasu uban ƙafar take ba.

Baffa ya yi bisimilla ya soka. Ƙauri ya tashi. Lado ya kafa ido a kan reshen darbejiya, ko gezau. Babu abin da ya fito sai ɗan jini. Baffa ya ɓata fuska, ya mayar da ƙarfen wuta, ya huda gefe na biyu. Nan ma shiru. A na uku ya ce ruwan ya yi nisa ne, ya danna ƙarfen ciki sosai, har Lado ya ji abin a tsakiyar kansa. Tsohon ya shafa man shanu da toka, ya yagi tsumma ya ɗaure, ya sauke ƙafar ƙasa a hankali. Sannan, yana kallon kaskon ba ɗan ba, ya ce, "Ka tahi ka ci su."

Wannan ce magana ta farko da Baffa ya taɓa yi a kan gudun. Lado ya koma ɗakinsa yana jan ƙafa, zuciyarsa fari tas. Rakiya ta kwance tsumman ta gani, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, shi kuwa yana ta ce mata ai Baffa ne ya yi da hannunsa.

Kwana uku suka wuce, wurin ya ruru. A na biyar zazzaɓi ya shiga. Ya sayo ƙwayoyi a kemis yana haɗiya, ya ce wa Malam mura ce ta kama shi, zai ɗan rage atisaye. Malam na fama da neman motar da za ta kai su, ya tambaye shi a tsaitsaye, "Ƙafa dai lafiya ko?" Lado ya ce lafiya lau. Yanzu ɓoyon ya zama biyu, don in ya cire safa ba ciwonsa kaɗai zai tona ba, har da aikin ubansa.

Ranar tseren, tun hantsi bai gama ɗagawa ba aka sake su, mutum sun fi ɗari biyu. Kilomita goma na farko kowane taku kamar a kan ƙusa yake yi, daga nan ƙafar ta mutu, ya daina jin ta, ya ɗauka sauƙi ne ya zo. A kilomita talatin su biyar ne a gaba. A talatin da uku saura shi da wani siririn ɗan Filato. A talatin da shida Lado ya ji numfashin mutumin ya sauya, ya san lokaci ya yi, ya buɗe ƙafa ya wuce shi. Mutane a bakin titi suna ihu, ba su san sunansa ba, sai "Katsina, Katsina" suke kira don abin da ke rubuce a rigarsa.

Sai ya ji ƙas, kamar an karya busasshen kara, tare da duka a bayan diddige. Ya waiwaya a fusace don ya ga wanda ya jefe shi da dutse. Babu kowa a bayansa, ɗan Filaton ma yana can nesa. Ya kai ƙafar ƙasa zai ci gaba, ta ƙi ɗaga shi, ya kife a kan kwalta. Ya tashi, ya yi tsalle uku da ƙafar hagu, ya sake faɗuwa. Ya ja jiki zuwa gefen titi ya zauna. Ɗan Filaton ya wuce. Can wani ya wuce. Da na ukun ya gifta, Lado ya daina kallon titin.

A asibiti sai da almakashi aka raba safar da fata. Likitan ya ja da baya saboda wari, ya dubi hudar nan uku da suka haɗe suka zama rami ɗaya.

"Wa ya yi maka wannan aikin?"

"Ni na yi wa kaina."

Malam Ɗanjuma yana tsaye a gefen gado. Ya san gidan su Lado, ya san sana'ar Baffa, amma bai tona shi ba. Likitan ya yi bayani ba tare da kwana-kwana ba. Jijiyar ta gaji ne kawai tun farko, da an zo a makon da ta fara, hutun sati shida ya ishe ta. Ƙarfen ya ƙona ta, ciwon ya ci abin da ya rage, gudun ya tsinka ta. Za a yanke ruɓaɓɓen, kuma abin da zai saura ba zai kai a haɗa yadda yake da ba. Zai yi tafiya in Allah ya so. Gudu kam, ya cire shi a ransa.

Malam ya fita waje ya daɗe, ya dawo idonsa jajur. Ya ce, "Lado, kalma ɗaya fa. Kalma ɗaya za ka faɗa mini, in ajiye ka bana, baɗi mu dawo." Lado ya juya fuska bango.

Tiyata biyu aka yi masa, ya shafe wata bakwai kafin ya ajiye sanda. Duk tsawon kwanciyar, kullum da safe Baffa yakan zo ƙofar ɗakin da ƙwaryar madara mai ɗumi, ya miƙa wa Rakiya, ya ce, "Ya mai jiki?" ya juya. Bai taɓa ɗaga labulen ba. Makiyaya suka yi ta kawo dabbobi yana mayar da su, ya ce hannunsa ya soma rawa. Bayan shekara biyu ya rasu, maganar ba ta taɓa shiga tsakaninsa da ɗan ba. Lado ya so ubansa har ƙarshe, kuma yana jin haushinsa, haushi mai cin rai wanda babu inda zai sauke shi. Rakiya ce ta sha shi, da kwanukan abinci, da rediyon da ya taɓa bugawa da ƙasa don an fara labarin wasanni.

Ya gwada acaɓa, amma birkin babur a ƙafar dama yake, ita kuwa ba ta dannuwa. Malam ya ce ya zo fili ya riƙa taya shi horar da masu tasowa, ya je sau biyu, bai iya jure ƙarar takalma a kan ƙasa ba. Ƙarshe ya kafa tebur a bakin titi kusa da Ƙofar Guga yana fere rake. Unguwar ta cika da baƙi, mutanen ƙauyuka da rashin zaman lafiya ya koro, waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba. A wurinsu shi mai rake ne mai ɗingishi.

Bara, wata safiya, Rakiya ta tafi barkar haihuwa ta bar masa 'yarsu Fadila, mai shekara uku. Yarinyar na wasa a gindin tebur, yana fere wa wani rake, sai ɗan akuya ya gifta, ta tashi ta bi shi tana dariya. Ɗan akuyan ya nufi titi. Daga wajen Jibiya ga tifar yashi tafe a guje.

Tsakaninsa da ita bai fi taku goma sha biyar ba. Lado ya yar da wuƙa ya zabura. Jikinsa bai manta ba, kafaɗu suka faɗa gaba, ƙafar hagu ta tura shi da ƙarfinta na da. Ta dama ta sauka ta lanƙwashe. Ya zube a kan tulin rake, bakinsa ya bugi ƙasa, yana kwance yana kallon 'yarsa tana ƙara nisa da gajerun ƙafafunta.

Wata tsohuwa ce tafe a gefen titi da tiren ƙuli-ƙuli a ka. Ko sauri ba ta ƙara ba, ta miƙa hannu ɗaya ta damƙo bayan rigar yarinyar ta fizgo ta. Tifar ta wuce tana zabga hon, iskarta ta ɗaga wa tsohuwar gyale.

Ta jawo Fadila har gaban Lado, wanda ya samu ya tashi zaune, jini na bin haɓarsa. Baƙuwa ce, ba ta san shi ba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ga dogon mutum mai faffaɗan ƙirji, ranta ya ɓaci.

"Ɗiyarka ce? Ƙato da kai, ɗiya za ta shiga ƙarƙashin mota, ɗan takun nan ka kasa? Mi gare ka, ba ka iya gudu ba ne?"

Mai shayi da masu facin taya da suka taso, duk tsofaffin 'yan unguwa ne, sun san shi tun yana ratsa titin nan da asuba. Kowa ya sunkuyar da kai. Lado ya jawo yarinyar ya rungume ta.

"Ban iya ba, Iya," ya ce.